Hangen dala ba shiga birni ba: Halin da masu aikin kwamfuta na kwantiragi ke ciki bayan kasuwa ta faɗi

A farkon watan Nuwamba na 2022 ne ma'aikatan kamfanin Twitter a birnin Accra suka tare a sabon ofishinsu, wanda shi kaɗai ne kamfanin yake da shi a duk nahiyar Afirka. Kafin mako ya zagayo an sallami kusan dukkansu. Attajirin nan Elon Musk ne ya sayi kamfanin a ƙarshen Oktoba a kan dalar Amurka biliyan 44, ya kuma fara da korar kusan rabin ma'aikatansa 7,500. Mutanen Accra, waɗanda ba su kai ashirin ba, sai da suka shafe fiye da shekara guda suna bin haƙƙinsu kafin a biya su.

To, waɗannan fa ma'aikatan dindindin ne, masu takarda a hannu. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya juya kan masu aikin kwantiragi, ya raba dubbai da aikinsu. Da yawa daga cikinsu ba wanda ya kira su balle ya yi musu bayani. Sun wayi gari ne kawai suka tarar an rufe musu akwatin saƙon aiki.

Abin ya faru a daidai lokacin da ake ta kwaɗaita wa matasa a Yamai da Maradi da Kano da Kumasi cewa mafita ita ce mutum ya koyi rubuta manhaja ko tsara shafin intanet, ya samu Bature ya riƙa biyansa da dala yana zaune a ɗakinsa. Maganar akwai gaskiya a cikinta, don akwai waɗanda suka yi suka kuma ci riba. Sai dai wanda zai shiga wannan cin ranin na zamani ya kamata ya san yadda ake yanka farashi a kasuwar, da kuma wanda ake fara zubarwa idan ta tashi.

Yadda kasuwar ta juya

Lokacin annobar korona, a 2020 da 2021, duniya ta koma intanet. Kuɗin ruwa a Amurka ya yi ƙasa har ya kusa sifili, masu zuba jari suna neman inda za su kai kuɗi, kamfanonin fasaha kuma suna ɗibar ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. A wannan lokacin ne ƙofa ta buɗe sosai ga ƙwararrun Afirka, domin idan kowa daga gida yake aiki, ba ruwan kamfani ko gidan yana Landan ne ko yana Legas.

Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa don shawo kan hauhawar farashi, bai tsaya ba sai da ya haura kashi 5 cikin 100 a tsakiyar 2023. Bashi ya yi tsada, masu jari suka ja hannu, aka shiga sallama. Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya rage mutum 11,000 a Nuwamba 2022, ya ƙara da 10,000 a Maris 2023. A watan Janairu 2023 kaɗai Amazon ya sanar da rage 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Shafin Layoffs.fyi mai bin diddigin lamarin ya ƙirga sama da mutum 260,000 da kamfanonin fasaha suka sallama a 2023.

Afirka ma ba ta tsira ba. Alƙaluman kamfanin Partech sun nuna jarin da sababbin kamfanonin fasaha na nahiyar suka samu ya faɗo daga dalar Amurka biliyan 6.5 a 2022 zuwa biliyan 3.5 a 2023. Wasu da aka yi ta yabo, irin su 54gene a Najeriya da Sendy a Kenya, sun rufe a wannan shekarar.

Ba wannan ne karon farko ba. A Maris na 2000 kasuwar hannun jarin kamfanonin intanet ta Nasdaq ta kai ƙololuwa, zuwa Oktoba 2002 ta zubar da kusan kashi 78 cikin 100 na darajarta. 'Yan kwantiragin kwamfuta a Birtaniya da Amurka, waɗanda aka yi ta rububinsu gabanin shiga shekara ta 2000, suka koma zaman jiran waya, kamfanoni kuma suka ƙara kwashe ayyuka zuwa Indiya inda farashi ya fi sauƙi.

Me ya sa ɗan kwantiragi ake fara taɓawa?

Amsar ba ta da wuya. Korar ma'aikacin dindindin tana da tsada: akwai sanarwa, akwai kuɗin sallama, a wasu ƙasashen akwai ƙungiyar ƙwadago da kotu. Ɗan kwantiragi kuwa sai dai a bari wa'adinsa ya cika a ƙi sabuntawa, ko a kira shi a ce an rage farashi, in ya ga dama ya karɓa, in bai ga dama ba ga ƙofa nan. Dama abin da ya sa kamfani ya ɗauke shi kenan tun farko. Shi ya sa a al'adar wannan sana'a a Turai kuɗin yinin ɗan kwantiragi ya fi na ma'aikacin dindindin. Ƙarin nan shi ne kuɗin hutunsa, da asibitinsa, da fanshonsa, da abincin watannin da zai zauna ba aiki.

Idan kasuwa ta faɗi, abu biyu ne ke haɗuwa. Aiki yana raguwa, masu nema kuma suna ƙaruwa, domin dubban da aka sallama ba za su zauna haka nan ba, su ma dandalin neman aikin suke shigowa. Yaron da ya koyi aiki wata shida a Zinder sai ya samu kansa yana takara da wanda ya yi shekara goma a Google. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira: tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022, ƙananan ayyukan da sababbin shiga ke fara cin abinci da su, kamar gyaran ɗan shafi, fassara mai sauƙi da rubutun talla, da yawa masu su sun koma yi da kansu.

Tun kafin wannan ma an ga alama. Kamfanin Andela, da aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa a haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya da Kenya da Uganda a Satumba 2019, yana cewa ƙwararru masu daɗewa a aiki kasuwa take nema. Daga baya ya rufe ofisoshinsa ya koma dillancin 'yan kwantiragi.

Adireshinka ma yana cikin farashi

Wani abin da sabon shiga ba ya saurin ganewa shi ne, aiki iri ɗaya ba kuɗi ɗaya ake biyansa ba. A 2020 shugaban Facebook Mark Zuckerberg ya fito fili ya ce duk ma'aikacin da ya koma aiki daga wani gari, za a daidaita albashinsa da garin da ya koma. Idan haka ake yi wa Ba'amurke don ya bar California, ina ga wanda ke Tahoua? Mai ba da aiki bai tsallako teku don yana son ka ba. Sauƙi yake nema, kuma yana da zaɓi: binciken jami'ar Oxford kan ayyukan intanet ya daɗe yana nuna Indiya ce kan gaba wajen yawan masu irin wannan aiki, Bangladesh da Pakistan na biye. A ɓangaren masu Faransanci kuma ga Maroko da Tunisiya da Senegal da Madagaska, waɗanda suka riga mu sanin kamfanonin Faransa.

Sannan akwai dillalai. A Janairu 2023 mujallar Time ta bankaɗo cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Nairobi, masu tantance munanan rubuce-rubuce domin a tsabtace ChatGPT, abin da ke shiga aljihunsu bai wuce dalar Amurka 2 a awa ba, wasu ma 1.32, alhali kamfanin OpenAI yana biyan Sama 12.50 a kan kowace awa. Wannan kamfanin na Sama shi ne kuma ke tace wa Facebook abubuwan da ake wallafawa a harsunan Afirka, har da Hausa, kuma a farkon 2023 ya ajiye aikin ya sallami masu tacewar, sama da 180 daga cikinsu suka garzaya kotu a Kenya. A Maris 2024 kuma dandalin Remotasks ya rufe ƙofa ga masu aiki daga Kenya da Najeriya rana ɗaya.

Dandalin da ake neman aiki kai tsaye ma suna da tasu la'adar. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka. Upwork ya mayar da nasa kashi 10 a 2023, daga baya ya sake sauya tsarin, kuma ko neman aikin ma sai ka sayi wasu 'yan maki da kuɗinka kafin ka miƙa takarda.

Dala ɗaya, ƙasa uku

A nan ne lissafin ɗan Nijar ya bambanta da na maƙwabtansa, kuma a nan ne ake yawan ruɗuwa. Labaran da ke yawo a waya na wane ya yi mota, wane ya gina gida da aikin intanet, akasari daga Najeriya da Ghana suke fitowa, ƙasashen da kuɗinsu ya faɗi warwas.

A Ghana, dalar Amurka tana wajen sidi 6 a farkon 2022, zuwa Nuwamba ta haura 14. Hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba, gwamnati ta dakatar da biyan bashin waje, har sai da asusun ba da lamuni na duniya ya amince mata da rancen dala biliyan 3 a Mayu 2023. A Najeriya, kafin a saki naira a Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. A irin wannan yanayi, ko da Bature ya rage maka kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka, idan ka canza sai ka ga kamar ƙari aka yi maka. Faɗuwar kuɗin gida ce ta rufe faɗuwar farashin aikin.

Mu masu sefa ba mu da wannan rufin asirin. Kuɗinmu a ɗaure yake da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Idan an rage maka, an rage maka kenan. Dalar ma hawa da sauka take yi a kanmu: a Satumba 2022, lokacin da ta fi yuro ƙarfi, dalar Amurka 1,000 ta kai wajen jika 680, a tsakiyar 2025 kuwa ta dawo wajen jika 560. Aiki bai canza ba, amma jika 120 sun tafi.

Su kansu 'yan Ghana sun ɗanɗana. Tsakanin Afrilu da Yuni 2025 sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga sama da 15 zuwa wajen 10. Wanda ya kama hayar gida ya sa yara makaranta mai tsada bisa tsohon canji, kashi ɗaya cikin uku na samunsa ya narke cikin wata biyu, kayan masarufi kuma ba su sauko da wannan saurin ba.

Bari mu yi lissafi

A fada, wurin shan shayi, ga yadda ake yin lissafin: dalar Amurka 10 a awa, awa 8 a yini, kwana 22 a wata, ya kama 1,760. A canjin 560, kusan miliyan ɗaya kenan a wata. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42, wa zai ji wannan bai miƙe ba?

To mu ɗauki misali mu sake lissafin a tsanake. Mai aikin kansa ba a biyansa awannin da ya ɓata wajen neman aiki, da rubuta takardun tayi, da taron waya, da gyaran da mai aiki ya ce a sake. A ce ya samu awa 20 na biya a mako, awa 80 a wata, dala 800. Dandali ya cire kashi 10, saura 720. A ce kuɗin turowa da asarar canji sun ci 20, saura 700, wato jika 392. A ce cikin wata goma sha biyu ya samu aiki a takwas: miliyan 3 da jika 136 a shekara. A ce intanet da wuta da man janareto da tanadin sabuwar kwamfuta suna cin jika 60 kowane wata, ko da aiki ko babu: jika 720 a shekara. Abin da ya rage, in aka raba shi gida goma sha biyu, ɗan sama da jika 200 ne a wata. Ba a cire haraji ba, babu asusun CNSS, babu hutun rashin lafiya.

Jika 200 kuɗi ne, ba wanda zai raina. Amma ka ga tazarar da ke tsakaninsa da miliyan. Wanda ya ajiye aikin albashi saboda lissafin farko, lissafi na biyu ne zai ciyar da gidansa.

Matsalolin da Bature ba ya jin uzurinsu

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da ƙasar ta dogara da ita wajen kusan kashi 70 cikin 100, bankuna suka taƙaita cirar kuɗi. Sai a ƙarshen Fabrairu 2024 aka ɗage. Duk wanda ke da aikin waje a waɗannan watanni ya san abin da ya sha tsakanin ɗaukewar wuta da layin banki. A tsakiyar Maris 2024 kuma wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Cote d'Ivoire, Ghana da maƙwabtanta suka kwana biyu cikin duhun rezo. Mai aiki a Paris ko Toronto zai tausaya maka sau ɗaya, na biyu ya nemi wani. Shigowar Starlink Nijar a 2025 ta rage wannan fargabar ga mai halin saye, amma ita ma wani kuɗin ne da za a sa a lissafi.

A gida kuma kasuwar ta tsuke. Yawancin ƙananan kwangilolin kwamfuta a Yamai daga ƙungiyoyin agaji da ayyukan masu ba da tallafi suke fitowa. Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi bayan juyin mulki, a 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID. Wannan na cikin abin da ke tura mutane neman aikin waje a daidai lokacin da wajen ma ya cika.

A tashi a tafi can fa?

Wasu za su ce to a haɗa jaka a bi aikin har gidansa. Ƙofofin nan ma sun ƙara matsewa. Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilu 2024, kuma wannan bizar ta wanda kamfani ya ɗauka ce, ba ta mai zaman kansa ba. Su kansu 'yan kwantiragin ƙasar suna kuka da dokar harajin nan ta IR35, wadda tun Afrilu 2021 ta ɗora wa manyan kamfanoni alhakin tantance ko ɗan kwantiragi ma'aikaci ne a ɓoye, abin da ya sa wasu kamfanonin suka daina ɗaukarsu a tsohon tsari.

A Amurka, mai bizar H-1B da aka sallama kwana 60 kawai yake da su ya samu wani kamfanin ko ya bar ƙasar, kuma a sallamar 2022 da 2023 Indiyawa da dama sun shiga wannan tashin hankali da iyalansu. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024. Jamus ce ta ɗan buɗe wata taga a Yuni 2024, da katin da ke ba ƙwararre damar shiga neman aiki har shekara guda, amma sai ya nuna yana da abin ciyar da kansa na tsawon zaman.

Abin da ya rage a hannun mai sana'a

Duk da haka aikin bai ƙare ba. Abin da ya faɗi warwas shi ne farashin aikin da kowa zai iya. Wanda ya ƙware a tsaron bayanai, ko kula da manyan rumbunan bayanai, ko haɗa manhaja da hanyoyin biyan kuɗi ta waya, har yanzu yana da bakin yin ciniki. Haka wanda ya haɗa Faransanci da Ingilishi, domin kasuwa biyu yake ci.

Sauran kuma dabarun 'yan kasuwa ne da iyayenmu suka sani tun kafin intanet. Kada a fara babban aiki sai an karɓi kafin alƙalami. A rubuta iyakar aikin da yawan gyaran da za a yi kyauta. Mai zaune a ƙasar sefa, in zai yiwu ya yanka farashinsa da yuro, don ya san abin da zai shigo hannunsa. Idan mai aiki ya nemi ragi, a rage yawan aikin tare da kuɗin, domin farashin da ka sauke yau da wuya ya sake hawa a wurin mutum ɗaya. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka aiki, ɗan damfara ne. Kuma kada mutum ɗaya ya zama shi ne duk abincinka, ko da kuwa sunansa ya kai na Twitter.

'Yan cin ranin da ke tafiya Kumasi da Abidjan ba sa sayar da gonarsu kafin su tafi, don sun san akwai shekarar da za a dawo hannu rabbana. Gonar mai kwamfuta ita ce ɗan asibitin unguwa da ke son tsarin ajiye bayanan marasa lafiya, da makarantar da ke son manhajar fitar da sakamako, da ɗan kasuwar Maradi da ke son sanin abin da ya rage a sitonsa. Kuɗinsu bai kai na Bature ba, wani lokacin ma sai an yi ta bin bashi. Amma ranar da aka rufe akwatin saƙo daga can, su ne za a iya taka ƙafa a je a same su a shagonsu.